Abin da ya kamata ku sani kafin ku ba da aikin buga zane a riga

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin walima, ko na taron tsofaffin ɗalibai, ko na ƙungiyar ƙwallon unguwa, ya san yadda maganar riga take tafiya. A tara kuɗi, a shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari a sayo tishat dozin-dozin, a kwana biyu ana ja-in-ja a kan launi da kalmomin da za a rubuta, daga ƙarshe a tura wa mai bugu hoto ta waya a ce ya buga. Abu biyu ne da wuya ka ji an tsaya a kansu: inci nawa zanen zai kai, kuma a ina daidai zai zauna a jikin rigar. Alhali su ne suke raba rigar da mutum zai ci gaba da sawa bayan an watse da wadda za ta koma tsumman goge babur.

Sai an fahimci yadda ake aikin kafin a gane dalilin da ya sa awo yake da nauyi haka. Bugun sikirin, wanda aka fi yi idan riguna suna da yawa, aiki ne na raga. Ana ɗaure wani siririn yadi mai ƙananan huji a kan firam na katako ko na alminiyam, a ja shi ya miƙe sosai kamar rariyar tankaɗe. Sai a shafe shi da wani ruwan magani mai daskarewa idan haske ya taɓa shi, a bar shi ya bushe a cikin duhu. Daga nan a ɗora zanen, wanda aka riga aka fitar da baƙi ƙirin a kan takarda ko leda da haske yake ratsawa, a haska da fitila mai ƙarfi ko a fitar rana na ɗan lokaci. Inda haske ya samu, maganin ya daskare ya toshe huji. Inda baƙin zane ya kare, ruwa ya wanke maganin, huji ya buɗe. Idan aka shimfiɗa riga a kan allo, aka kifa ragar, aka zuba fenti aka ja shi da roba, ta waɗannan buɗaɗɗun hujin kaɗai fentin zai bi ya sauka.

Ragar da aka riga aka haska ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Zanen da aka yi mata a inci 11, a inci 11 zai fito a kan rigar ɗan shekara bakwai, a inci 11 zai fito a kan rigar ƙaton da yake sa 2XL. Kuma kowane launi da ragarsa: tambari mai launi uku raga uku yake ci. Saboda haka wanda ya dawo bayan an haska ya ce a ɗan ƙara girma, sabon aiki ya kawo, da sabon kuɗi. Tun ran gini tun ran zane.

Zan yi magana da inci domin da shi telolinmu da masu bugu suke awo a Najeriya. Ga waɗanda suka saba da santimita, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, inci 1 santimita 2.54 ne, wato inci 4 ya ɗan haura santimita 10, inci 12 kuma ya ɗan haura santimita 30.

A fara da babban zanen gaba, tunda a nan aka fi tafka kuskure. Tishat ɗin manya idan aka shimfiɗe ta aka auna daga hammata zuwa hammata, a yawancin kamfanoni mai lamba S tana kusan inci 18, M inci 20, L inci 22, XL inci 24, haka dai ana ƙara biyu-biyu. Mutum zai ga inci 22 a shimfiɗe ya ɗauka duk fili ne na bugu. A'a. Jikin ɗan'adam kewayayye ne, gefe da gefen rigar suna lanƙwasawa su shige ƙarƙashin hannu, abin da mai kallo yake gani daga gaba bai wuce rabi da ɗan ɗori ba. Shi ya sa masu sana'ar suka daidaita a kan faɗin inci 10 zuwa 12 ga babban zanen gaba na manya. Rubutun da ya zarce haka, harafin farko da na ƙarshe za su ɓuya a hammata, sunan ƙungiya ya fito a gutsure a kowane hoton da aka ɗauka.

Siffar zanen ma tana da ta cewa. Layin rubutu ɗaya mai faɗin inci 12 ba ya cika ido, domin tsayinsa inci biyu ne ko uku. Da'ira mai faɗin inci 12 kuwa ta cinye ƙirji da ciki gaba ɗaya, tunda yadda faɗinta yake haka tsayinta yake. Tambari mai da'ira ko mai kusurwa huɗu, a tsayar da shi a inci 9 ko 10 ya wadatar. Zane dogo siriri kuma tsayinsa za a sa wa ido, musamman idan masu sawa za su cusa rigar cikin wando, kamar 'yan makaranta da ma'aikatan tsaro, domin layin ƙasa, wanda galibi shi yake ɗauke da shekara ko taken ƙungiya, bel ne zai haɗiye shi.

Akwai wata magana da kusan kowane mai bugu ya saba ji. Shugaban kwamiti ya dubi samfur ya ce, "Malam, a cika gaban rigar mana, ai kuɗinmu muka biya." Mai bugun da ya san aikinsa zai ce, "Ranka ya daɗe, in na cika ta ba mai iya sa ta da rana." Gaskiya ya faɗa, kuma ina ma a riƙa sauraronsa. Fentin da ake kira filastisol, wanda ya fi yawa a wannan sana'a a duniya, ba ya shiga cikin zare, zama yake yi a samansa ya zama fata ta roba. Inda ya rufe, iska ba ta wucewa. Ka ɗauki hoton ɗan takara mai girman takardar A3, a buga shi cike ba ko huji, a ba matashi ya sa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Kafin azahar gumi ya zana murabba'i a ƙirjinsa, rigar ta manne. Irin waɗannan rigunan ne ake rabawa dubbai a lokacin zaɓe, a sa su yini ɗaya. Idan dole ne zanen ya yi girma, a roƙi mai zane ya bar filaye a ciki inda launin rigar kansa zai fito, ya rage shimfiɗar fenti mai faɗi. Fenti mai ruwa ya fi laushi da shan iska, sai dai ya fi dacewa da riguna masu hasken launi.

Sai mazauni. Ana fara awo daga ƙasan ɗinkin wuya, inda robar wuyan ta haɗu da jikin rigar. A tishat mai zagayayyen wuya ta manya, saman zanen yakan fara inci 2 zuwa 3 a ƙasa da wannan ɗinkin. A shago za ka ga mai bugu ya jera yatsunsa uku ko huɗu a ƙarƙashin wuyan, inda na ƙarshe ya tsaya nan zane zai fara. Dabarar tana aiki, amma yatsun maigida da na yaron shago ba ɗaya ba ne, don haka a aikin riga ɗari biyu gara a ja layi a kan allon bugun, kowa ya bi shi. A rigar yara tazarar takan ragu zuwa inci ɗaya da rabi ko biyu. A riga mai wuyan V kuma daga tsinin wuyan ake aunawa, a matso da zanen kusa, tunda wuyan ya riga ya sauko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saukar da zane ƙasa. Rigar tana kwance a kan tebur, ido yana neman tsakiyarta tsakanin wuya da gindi, sai a ajiye zanen a can. Da an sa ta, sai ga tambari a kan tumbi. Idon mai kallo a fuska yake farawa ya gangaro ƙirji, nan ne mazaunin zane. Idan ana shakka tsakanin wuri biyu, na saman ya fi.

Gano tsakiyar rigar daga hagu zuwa dama ma ba wasa ba ne, musamman a tishat mai araha. Da yawa sukan zo da wuya a karkace ko ɗinkin gefe a murɗe, kuma karin da ninkin kamfani ya bari a tsakiya ba abin dogaro ba ne. Ma'aikaci mai kula zai kama rigar ta kafaɗu biyu ya haɗa ɗinkinsu, ya duba hammata da hammata, sannan ya sanya ta a allo. Shi kansa zanen, tsakiyar da kwamfuta ta ba shi ba lallai ta zama tsakiyar da ido yake gani ba. Tambarin da yake da tuta ko reshe da ya miƙa gefe ɗaya, idan aka daidaita shi da ma'auni zalla, jikinsa mai nauyi zai koma ɗaya gefen, kowa ya ga kamar an karkace. A irin wannan, ɓangaren da ya fi nauyi ake ɗorawa a tsakiya.

Ƙaramin tambarin ƙirji, irin na rigunan ma'aikata da bajon makaranta, faɗinsa inci 3 zuwa 4 ne, kuma a hagu yake zama. Hagun mai sawa ake nufi, wato idan rigar tana kwance tana kallonka, yana hannunka na dama. A faɗe shi a fili tun farko, domin ruɗanin hagu da dama ya sha jawo asarar riguna. Wannan mazauni ba baƙo ba ne a wurinmu. Dubi babbar riga mai aska takwas: aikin yana taruwa ne a wuya da kan aljihun da yake ɓangaren hagu, masu ɗinkin hannu sun daɗe da sanin inda ado yake zama a ƙirjin mutum. Hanya mai sauƙi ta gano wurin a tishat ita ce a sauko da layi daga inda wuya ya haɗu da ɗinkin kafaɗa, a tsaya a inci 7 zuwa 9 gwargwadon girman rigar, nan ne tsakiyar tambarin. Hatsarinsa shi ne ya zame ya nufi hammata. A riga mai kwala da maɓalli, a daidaita shi da kusan maɓallin ƙarshe. Idan akwai aljihu, ko dai a buga sama da shi ko a kansa da ƙaramin zane, kada rabi ya hau aljihu rabi ya sauka.

Wannan ya shafi kowane ɗinki, da zif, da maɓalli. Raga tana son wuri shimfiɗaɗɗe. Inda yadi ya yi tudu, roba za ta yi tsalle, fenti ya taru a gefe ɗaya ya bar fari a ɗaya gefen. A bar aƙalla inci ɗaya tsakanin zane da kowane ɗinki.

Baya ya fi gaba fili, zane zai iya kai inci 12 ko 13 a rigar manya. Sai dai wuyan baya ya fi na gaba tashi sama, don haka ana saukowa inci 4 ko 5 kafin a fara, in ba haka ba rubutu ya hau kafaɗu ya lanƙwashe. Ƙaramin tambari a ƙarƙashin ƙeya inci 2 zuwa 3 ya ishe shi. Na hannun riga ma kusan haka, a ɗaga shi inci ɗaya daga ɗinkin bakin hannu. Masu buga jesi suna iya koyi da ƙa'idar FIFA, wadda ta sa lambar baya ta 'yan wasa maza tsakanin santimita 25 da 35 a tsayi, haruffan suna kuma santimita 5 zuwa 7.5. An yi haka ne domin alƙalin wasa ya karanta daga nesa, kuma buƙatar alƙalin gasar unguwa ba ta bambanta ba. Masu rubuta allunan talla suna da wani ƙiyasi mai amfani a nan: harafi mai tsayin inci 1 ana karanta shi cikin sauƙi daga kamar ƙafa 10. Idan ana son a gane masu hidima daga ƙarshen filin taro, kalma ɗaya da manyan haruffa ta fi jimla uku da ƙanana.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu, wanda teburan awo da ake samu a intanet ba su san da shi ba, domin an tsara su ne don wasu mutane masu wata irin shiga. A yawancin makarantu da ƙungiyoyinmu, da yawa daga masu sa rigar mata ne, kuma da hijabi ko mayafi za su fito. Tambarin da aka buga a ƙirjin rigar ɗaliba, hijabi ya sauko ya rufe shi, an biya kuɗin abin da ba wanda zai gani. Makarantu da dama sun gane haka, suna buga bajon a jikin hijabin. Shi kuma hijabi ba ya kwanciya a jiki yadda tishat take yi. Yana zubowa ne daga kai yana yin ninki, yadinsa sau da yawa mai santsi ne ko mai miƙewa, kuma tsawonsa a jikin 'yar nazare daban yake da na 'yar sakandare. Babban zane a kansa ninki zai cinye shi. Ƙarami, inci 3 zuwa 4, shi ya fi fitowa. Wurinsa kuwa ba a gano shi a tebur. A sa wa yarinya ɗaya daga kowane rukuni hijabin, ta tsaya yadda ta saba tsayawa, malama ta sa alama da alli a inda yadin ya fi kwanciya, a auna daga bakin fuska zuwa alamar, a ba mai bugu wannan awon. Ga ƙungiyar manyan mata da za su sa tishat da ɗan mayafi, a tambaye su tukuna yadda za su yafa. Wataƙila hannun riga ko ƙasan baya ya fi ƙirji amfani. Haka nan a tuna da jakar goyo ta ɗalibai da take rufe baya, da rigar sama da wasu ma'aikata suke ɗorawa.

Idan oda ta haɗa ƙanana da manya fa? Raga ɗaya tana iya ɗaukar S zuwa XL idan aka auna zanen da mafi ƙanƙantar rigar, a ce inci 10 ko 10 da rabi. Zai ɗan yi ƙarami a jikin XL, amma ba zai yi muni ba. Da zarar an haɗa da rigunan yara, ko aka haura zuwa 2XL da 3XL, raga biyu ake buƙata ga kowane launi, misali ta yara mai inci 7 zuwa 9, da ta manya. Launi uku a girma biyu raga shida ke nan, kuma daidai ne mai bugu ya caji kuɗinsu. Kwamitin da kuɗinsa bai kai ba, ni dai shawarata ya rage launi ya riƙe girma biyun. Zane mai launi ɗaya da ya zauna daidai a jikin kowa ya fi mai launi uku da ya naɗe yaro har gadon baya. Idan kuma rigunan ba su wuce goma ko ashirin ba, a tambayi farashin bugun da ake mannawa da injin zafi, irin wanda ake kira DTF. A can kowace riga za a iya ba ta nata girman ba tare da sabuwar raga ba.

Hoton da mai zane yake turowa, na riga da tambari a kanta a cikin kwamfuta, yana nuna launi da tsari, amma kada a dogara da shi wajen girma. Zanen ya ɗora a kan hoton wata riga da ba a san lambarta ba, ya ja shi har ya yi masa kyau a ido. Gwajin da ya fi kowanne ba ya cin wani kuɗi mai yawa. A je shagon kwamfuta a fitar da zanen a takarda a ainihin girman da ake so. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsayinta 29.7, wato kusan inci 8 da kwata a inci 11 da rubu'i uku. A3 kuma ninkinta ce. A yanke zanen da almakashi, a manna shi da salatif a jikin rigar, mutum ya sa ta. A gwada a jikin mafi ƙanƙanta da mafi girma a cikin ƙungiyar. Su tsaya, su zauna, su ɗaga hannu, sauran su ja baya taku goma su duba. A nan ne za a ga cewa lambar wayar da aka sa a ƙasa ba ta karantuwa, ko cewa da'irar ta yi yawa. Idan an gamsu, a ɗauko tef ɗin tela a auna faɗi, da tsayi, da tazara daga ɗinkin wuya, a rubuta.

Fayil ɗin da za a ba mai bugu shi ma yana da alaƙa da girma. Hoton da ya yi yawo a WhatsApp an matse shi, yana da kyau a fuskar waya, amma da an buɗe shi zuwa inci 11 gefunansa za su zama haƙora-haƙora. A nemi asalin fayil daga wanda ya zana, irin na CorelDRAW ko PDF, a tura shi a matsayin takarda, ba hoto ba. Layuka masu siririn gashi da ƙananan haruffa sukan toshe a raga, balle idan farin rubutu ne a cikin shimfiɗar fenti mai duhu. Idan rubutun Hausa ne, a duba ƙ da ɗ da ɓ da idon basira, domin salon haruffa da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta sa akwati a gurbinsu ko ta aro harafi daga wani salo ya fito daban da 'yan'uwansa. Rubutun Larabci ko ajami kuma a ba wanda ya iya ya karanta kafin a haska raga, saboda wasu manhajoji suna rarraba haruffan ko su juya su. Ayar Alƙur'ani dai ban ga dalilin ɗora ta a tishat ba, rigar da za a shiga ko'ina da ita a kuma jefa ta cikin wanki.

Kafin a saki aikin gaba ɗaya, a nemi a buga riga ɗaya ta gaske, a biya kuɗinta idan ya kama. A ja wurin fentin da hannu biyu a hankali: idan ya tsattsage, bai gasu ba, domin filastisol sai ya kai zafin kusan digiri 160 yake kamawa. A wanke ta a shanya, a ga ko auduga ta shige ta ja zanen. Idan jesi ce ja ko mai duhu ta yadin roba, a ajiye ta kwana biyu ko uku, saboda rinin irin wannan yadin yakan taso da zafi ya shiga farin fenti ya mai da shi ruwan hoda, kuma ba lallai ya nuna a ranar farko ba. In komai ya yi, a rubuta awon a takarda biyu, faɗi kaza, tsayi kaza, inci kaza daga wuya, hagun mai sawa, adadin kowace lamba, mai bugu ya riƙe ɗaya kwamiti ya riƙe ɗaya. Samfurin kuma ya zauna a hannun kwamiti, da shi za a gwada sauran ranar karɓar kaya.